Yadda ake tsara manazarta a salon IEEE da wayar hannu

Ɗaliban injiniyanci daga Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ko Jami'ar Bayero, da yawansu a waya suke rubuta kundin kammala karatu. Wayar tana iya aikin. Inda ake tuntuɓe shi ne shafin ƙarshe, wato jerin manazarta. Editan mujalla kan mayar da maƙala tun kafin a kai ta ga masu tantancewa idan manazartarta ba ta bi tsarin mujallar ba, kuma hakan na iya cinye wa ɗalibi watanni.

Kowace mujalla tana da shafin ƙa'idojin marubuta, shi ake fara karantawa. Sai dai a fannin lantarki, sadarwa da kwamfuta, salon IEEE ya fi yawa. IEEE ƙungiyar injiniyoyi ce da aka kafa a Amurka a 1963. Wanda ya saba da salon APA, kamar yadda ake yi a fannin ilimi, zai ga bambancin tun daga layin farko: APA na sa sunan marubuci da shekara a cikin jimla, IEEE kuwa lamba kawai take sawa a cikin baka mai kusurwa, kamar [1].

Lambar tana bin yadda aikin ya fara fitowa a cikin rubutu. Aikin da aka fara ambata shi ne [1], na biye [2]. Idan aka sake komawa ga na farko a shafi na goma, [1] ɗin dai za a sa. Idan ana nufin wani shafi takamaimai, sai a rubuta [1, p. 380]. Jerin da ke ƙarshen maƙala ma lambobi yake bi, ba a jera shi bisa haruffa. Tarkon a nan shi ne, da zarar malami ya ce a ɗauke wani sakin layi a kai shi sama, lambobin sun rikice, dole a sake ƙirga su daga fari. Shi ya sa wasu ke sa sunan marubuci a matsayin alama ta wucin gadi, sai a daren ƙarshe su mayar da sunayen lambobi. A allon rubutu na Gboard, baka mai kusurwa tana shafi na biyu na alamomi, bayan an taɓa ?123.

Ga yadda ake rubuta maƙalar mujalla, da misalin aikin Claude Shannon na 1948 wanda ya kafa tubalin ilimin sadarwar zamani:

[1] C. E. Shannon, "A mathematical theory of communication," Bell Syst. Tech. J., vol. 27, no. 3, pp. 379–423, Jul. 1948.

Haruffan farko na sunan marubuci ne ke gaba, sunan ƙarshe ya biyo. Taken maƙala yana cikin alamar zance, waƙafi na ciki kafin a rufe. Sunan mujalla a taƙaice yake, kuma a cikin takarda da rubutun tsutsa ake sa shi. Sai mujalladi, fitowa, shafuka, wata da shekara. Idan marubuta sun haura shida, a rubuta na farko a bi shi da et al.

Sunayen Hausa na buƙatar a tsaya a kansu. Bahaushe kan ɗauki sunansa, na mahaifinsa, sannan na garinsu, manhajoji kuma ba su san wanne ne wanne ba. Farfesa Abba Gumel, masanin lissafi da ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero kuma yake koyarwa a Amurka, yana wallafa ayyukansa da sunan A. B. Gumel. Haka za a rubuta shi a IEEE, a APA kuwa Gumel, A. B. Ƙa'idar ita ce a bi yadda marubucin ya sa sunansa a kan maƙalar. Shi ma ɗalibin da zai fara wallafawa gara ya zaɓi siga ɗaya ya tsaya a kanta. Wanda ya fito da sunan mahaifi a bana, baɗi da sunan gari, Google Scholar na iya ɗaukarsa mutum biyu.

A ce ɗalibi yana bincike kan famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a wata gona kusa da Gagarawa. Alƙaluman ƙarfin rana zai iya samo su daga shafin NASA POWER. Shafin intanet yana canjawa, don haka ake rubuta ranar da aka shiga shi tare da adireshinsa. Farashin faranti da batir kuwa wataƙila daga bakin mai shago ya ji a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. IEEE ta yarda a sa irin wannan a jeri a matsayin tattaunawa ta ƙashin kai, da suna da wata da shekara, bayan an nemi izinin mai maganar. APA ba ta sa shi a jeri, a cikin jimla kaɗai ake ambatarsa.

Maɓallin Cite na Google Scholar yana bayar da MLA, APA, Chicago, Harvard da Vancouver, babu IEEE a ciki. Vancouver ma lambobi yake amfani da su, abin da ke yaudarar wasu, amma tsarin suna da alamominsa daban ne. Hanya mafi sauƙi a waya ita ce ZoteroBib, a adireshin zbib.org. Kyauta ne, a burauza yake aiki, ba ya neman rajista. Ana liƙa lambar DOI ta maƙala, a zaɓi IEEE, ya fitar da layin. DOI lamba ce ta dindindin da ke farawa da 10, na mujallun IEEE kuma yawanci da 10.1109 suke farawa. Duk da haka sai an gwada abin da ya fito da shafin farko na maƙalar, domin bayanan da manhajar ke jawowa kan zo da take cikin manyan baƙaƙe ko babu shafuka. Kuma idan aka tura layin ta WhatsApp kafin a kai shi takarda, rubutun tsutsa yana ɓacewa a hanya.

Abin da ya fi waƙafi hatsari shi ne madogarar da babu ita. ChatGPT da makamantansa na iya ƙirƙiro take, marubuci da mujalladi masu kama da gaske. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙago. A mujalla, irin wannan na iya jawo janye maƙala ko bayan ta fito. Gwajin minti ɗaya ne: a rubuta doi.org/ a burauza, a ɗora lambar a gabansa. Idan shafin da ya buɗe ya nuna take da marubuta iri ɗaya, madogarar ta tabbata. Tsofaffin maƙaloli da wasu mujallun gida ba su da DOI, su kuma sai a nemi takensu a shafin mujallar kanta, a sauke, a karanta, sannan a ba su lamba.