Zama Lafiya da Ma'aikata a Ƙaramar Sana'a

A Dayi da ƙauyukan Malumfashi, da yawa daga cikinmu muna haɗa noma da wata sana'a. Wani yana da injin niƙa, wani injin casar masara, wani shagon taki da iri, wani kuma yana sayen hatsi da kaka ya kai Funtua ko kasuwar Dawanau a Kano. Idan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai mu ɗauki yara biyu ko uku. Nan ne matsaloli sukan fara: makara, ciniki bai cika ba, gunaguni, gaba tsakanin ma'aikata. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mai da na mota sun tashi, riba ta ragu. Ƙaramar asara tana iya rufe sana'a, ta kuma raba iyalai biyu da suke sujada a ikkilisiya ɗaya.

Yawancin waɗannan rigingimu suna tasowa ne daga abin da ba a faɗa a fili ba tun farko.

Yarjejeniya tun ranar farko

Mu zauna da sabon ma'aikaci a gaban shaida ɗaya. Mu faɗi aikinsa, lokacin buɗewa da tashi, ladansa, da ranar biya. Jinga ce, ko ladan yini, ko albashin wata? Akwai abinci a ciki? A rubuta a littafi, kowa ya sa hannu. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta bukaci mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce.

Kuɗin ciniki

Zato yana kashe amana. A injin niƙa, kada mai niƙa ya zama shi ne mai karɓar kuɗi. Ɗaya ya niƙa, ɗaya ya karɓa ya rubuta yawan tiyar da aka niƙa. Da yamma a ƙirga kuɗin tare, a gwada da man da injin ya sha. Wannan yana kāre mai gaskiya daga ƙazafi, yana kuma rage jaraba ga mai rauni. Mu ma masu sana'a, idan mun ɗauki kuɗin cefane daga ciniki, mu rubuta.

Lada a kan lokaci

A shekarar 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a wata. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma wannan bai ba mu izinin danne haƙƙin kowa ba. Kubawar Shari'a 24:14-15 ta koya mana mu biya talakan ɗan ƙwadago ladansa a ranar da ya yi aikin. Idan kasuwa ta yi sanyi, mu gaya wa ma'aikata gaskiya kafin ranar biya ta zo.

Dangi a wurin aiki

Sau da yawa ɗan yaya ko ƙanen mata yana aiki tare da bare. Idan ɗan gida ya makara aka yi shiru, bare ya makara aka yi masa faɗa, zuciyar bare za ta bar aikin tun kafin ƙafarsa ta bari. Doka ɗaya ga kowa.

Lokacin damina

Kowane ma'aikacinmu yana da gona. Daga shuka zuwa noman fari da maimai, hankalinsa yana can. Maimakon mu yi ta fushi, mu raba kwanaki tun kafin ruwa ya sauka, domin kowa ya san ranar gonarsa da ranar injin.

Idan an yi kuskure

Matiyu 18:15-17 ya nuna mana matakai. Da farko mu kira mutumin a keɓe, ba a gaban masu ciniki ba. Mu faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, mu saurari bayaninsa. Wataƙila ɗansa ne ba shi da lafiya. Idan ya maimaita, mu kira dattijo ɗaya ko biyu. Idan dole a rabu, a rabu da mutunci, a biya shi duk abin da yake bi. Doka ta ce wanda ya yi fiye da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, a ba shi sanarwar mako 1. Wanda ya kai shekara 5, wata 1.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace rigima ce ta fi yawa tsakanin masu sana'a da yaransu a garinmu? Me ya jawo ta?
2. Mutum nawa ne a cikinmu suka rubuta yarjejeniya da ma'aikatansu?
3. Yaya za mu tsauta wa ɗan'uwa na jini ba tare da mun ɓata zumunci ba?
4. Waɗanne dattawa ne, maza da mata, za mu iya kira su yi sulhu?
5. Wane abu ɗaya ne kowannenmu zai gyara kafin kaka mai zuwa?