Hakeem Olajuwon: Mai Tsaron Raga Da Ya Koma Ƙwallon Kwando

Ƙwallon kwando wasa ne na hannu. Kowace ƙungiya tana sa mutum 5 a fili. Ana rataye kwando a sama, tsayinsa daga ƙasa ƙafa 10 ne. Wanda ya jefa ƙwallo ciki daga kusa ya ci maki 2, daga nesa kuma maki 3. Babbar gasar wannan wasa tana Amurka, sunanta NBA. Can ne wani ɗan Najeriya ya yi suna.

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a shekarar 1963. Iyayensa Yarbawa ne, Musulmi, sana'arsu sayar da siminti. Yana yaro ƙwallon ƙafa yake bugawa, shi ne mai tsaron raga. Bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. A wannan wasa, wannan makara ce sosai, domin tsararsa a Amurka tun suna ƙanana suke riƙe ƙwallo.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston. Tsayi kam yana da shi, wajen ƙafa 7, amma gwaninta da saura. Da farko a benci ya fi zama. Sai ya riƙa zuwa wani filin wasa a garin lokacin hutu, yana karawa da Moses Malone, wanda a lokacin gwarzo ne a NBA. Malone bai raga masa ba. Ture shi yake yi, ya ƙwace ƙwallo, ya jefa a gabansa. Hakeem bai yi zuciya ba, gobe ma sai ya dawo. Duk wanda ya fara koyon abu da girmansa ya san irin wannan haƙuri.

Tsaron ragar nan ma bai tafi a banza ba. Yawancin dogayen 'yan wasa ƙafarsu nauyi gare ta, shi kuwa tasa sakayau. Zai ba abokin karawa baya, ya karkata kafaɗa dama kamar zai juya. Mutumin ya bi. Kafin ya farga Hakeem ya juya hagu, ƙwallo ta shige kwando. Idan kuma wani ya jefo, sai ya yi tsalle ya mare ta a iska, yadda yake yi a bakin raga.

Kowace shekara ƙungiyoyin NBA suna zaɓar sababbin 'yan wasa bi da bi. A 1984 Hakeem aka fara ɗauka, ƙungiyar Houston Rockets ta zaɓe shi. Michael Jordan shi ne na 3 a ranar.

Sai da ya yi shekara 10 yana fama kafin ya ɗaga kofi. A 1994 suka doke New York, shi ne kuma aka zaɓa gwarzon shekara. A 1995 suka sake cin kofi, suka lallasa Orlando sau 4 a jere.

Abin da ya fi burge ni shi ne azuminsa. Wasan NBA minti 48 ne na gudu da tsalle, gumi har ya jiƙa riga sharkaf. Watan Ramadan na 1995 ya faɗo a Fabrairu, ana tsakiyar gasa. Hakeem ya yi azumi, wani lokaci ya shiga fili da rana ko ruwa bai kurɓa ba. A ƙarshen watan shi aka ba kyautar ɗan wasan da ya fi kowa.

Ya kuma lura cewa takalman da ke ɗauke da sunan manyan 'yan wasa sun fi ƙarfin talaka. Sai ya sa sunansa a takalmin kamfanin Spalding, wanda a lokacin ake sayarwa wajen dala 35.

Wannan sana'a ba ta tsufa da mutum. Gwiwa da baya suna gajiya da wuri. Hakeem ya yi shekara 17 a Houston, ya ƙara 1 a Toronto, ya ajiye wasa a 2002 yana da shekara 39. Ya tare ƙwallo sau 3,830, har yau ba wanda ya kamo shi a lissafin NBA. Ya kuma shiga saye da sayar da filaye da gine-gine a Houston, da kuɗinsa yake saye, ba ya cin bashi mai ruwa. Manyan 'yan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James sun je wurinsa takanas don ya koya musu juyin ƙafa.