Yadda Ake Fid da Ruwa Daga Ƙarƙashin Gona

Ƙasar Zuru tana samun ruwan sama fiye da ƙasar Sakkwato, musamman a watan Agusta. A Manga da kewayenta akwai duwatsu, a gindinsu kuma akwai gonaki masu laka. Ruwan da ya sauka bisa dutse yakan nutse, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya taru a waɗannan gonaki. Sai ka ga mutum ya yi noma, ya zuba taki, amma dawarsa ta yi rawaya, ta tsumbure, ga kaka ta zo rumbu bai cika ba.

Abin da ke kashe shuka

Ka sani saiwar shuka tana bukatar iska kamar yadda kake bukata. Cikin ƙasa akwai ƙananan ƙofofi inda iska ke zama. Jigawa ƙofofinta manya ne, ruwa yakan wuce da sauri. Laka kuwa nata ƙanana ne ƙwarai, in ruwa ya cika su ba ya fita da wuri. To, in saiwa ta yi kwanaki ba iska sai ta ruɓe, ƙarfin takin kuma ya salwanta. Kunya mai tsawo tana taimako, amma ba ta kai ga ruwan da ke kwance can ƙasa ba.

Ga yadda za ka gane. Da tsakiyar damina ka haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 a gonarka. In ruwa ya tsattsafo ya tsaya cikinsa kusa da baki, har kwana 3 bayan an ɗauke ruwan sama bai janye ba, lalle gonar tana son magudana.

Dabarar ba sabuwa ba ce

A shekarar 1831 wani manomi a ƙasar Sikotilan, James Smith na Deanston, ya bayyana yadda ya gyara gonarsa mai laka. Ya haƙa ramuka dogaye a jere, ya zuba ƙananan duwatsu a ciki, ya binne. A 1838 kuma John Johnston ya fara binne bututun yumɓu a gonarsa a jihar New York ta Amurka. Maƙwabta suka yi masa dariya, suka ce yana binne tukwane, amma da suka ga amfanin da ya ɗebe sai suka bi sawunsa. Yanzu bututun roba mai huji-huji ake sawa, amma da kuɗi ake sayensa. Dutse kuwa ba a sayensa a Manga.

Yadda za ka yi

Da fari ka nemi mafita, watau rafi ko kwari wanda ya fi gonarka gangare. In babu inda ruwa zai zuba, kada ka fara. Ka yi shawara da maƙwabcinka na ƙasa, don kada ka tura masa ɓarna.

Na biyu, bayan an kau da amfani, tun ƙasa ba ta ƙeƙashe ba, ka fara haƙa daga mafita kana hawa sama. Zurfin rami ya zama ƙafa 2 da rabi ko 3, faɗinsa kamar bakin shebur. Gindinsa ya riƙa gangarawa kamar inci 6 a kowane yadi 30. Ka zuba ruwa daga sama ka duba, inda ya tsaya ka gyara.

Na uku, ka zuba duwatsu kamar girman ƙwan kaza, su kai ƙafa 1. Bisa su ka shimfiɗa tsakuwa, don kada taɓo ya toshe hanyar. Ciyawa ba ta daɗewa, gama gara za ta cinye ta. Sa'an nan ka mai da ƙasa, ka yi nomanka a kai.

In daga dutse ruwan ke tsattsafowa, rami ɗaya da ya gitta gefen gona na sama yakan tare shi. In kuwa lakar ce duka ke riƙe ruwa, sai ka jera ramuka, tsakaninsu yadi 6 ko 7. Bakin mafita ka gina shi da dutse, ka riƙa share shi kowace damina.

Kada ka yi wannan a fadamar shinkafa, gama ita ruwa take so. Aikin kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai gayya. Ka fara da wurin da ya fi lalacewa, ka gwada amfaninsa da na sauran gonar. In kana son ƙarin bayani, ka tambayi malamin gona, ko malaman Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020.

Tambayoyi

1. Don me shuka ke yin rawaya a gona mai laka?
2. Me za ka nema kafin ka fara haƙa?
3. Don me ake sa tsakuwa bisa duwatsu?