Darasin Wannan Wata: Ayyukan Bayan Tashi Daga Makaranta

Darasinmu na wannan wata na iyaye ne da 'ya'yansu da ke sakandare. Kowace shekara yara da yawa suna neman shiga makarantun gaba, amma gurbi kaɗan ne. To, me zai sa a lura da ɗanka ko 'yarka a cikin taro?

Da Farko, Jarrabawa

Mu fara da abin da ya zama dole. Mai neman jami'a a Nijeriya sai ya sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da kuma Lissafi ga masu neman fannonin kimiyya da fasaha. Sannan ya zauna jarrabawar JAMB. An kafa hukumar JAMB a 1978. Ana yin darussa huɗu, maki duka 400 ne. Tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta. Babu wani aikin waje da zai maye gurbin wannan. Duk wanda ya ce maka akwai wata hanya ta bayan gida, kuɗinka yake so.

Amma jarrabawa ba ita ce ƙarshe ba. Wasu makarantu suna tantance ɗalibai ido da ido. Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda ta Wudil tana duba lafiyar jiki da ƙarfin yaro, kuma tana yi masa tambayoyi. Masu ba da tallafin karatu su ma sukan tambayi yaro abin da ya taɓa yi da hannunsa. A ɗauka yara biyu sun zo da maki ɗaya. Na farko ya yi shiru. Na biyu ya buɗe littafi ya nuna aikinsa na shekara biyu. Wa za a tuna?

Ayyuka Biyar Da Ba A Cika Kula Da Su Ba

1. Littafin gona. Yaro ya sayi littafin rubutu guda. Ya rubuta ranar ruwan shuka, da ranar noman farko, da irin takin da aka zuba. Da kaka ya rubuta damin gero da dawa da buhun gyaɗa da wake da aka samu. Zai iya auna ruwan sama da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula. Bayan damina biyu ya kwatanta. Wannan shi ne tushen bincike. Zai amfani mai son karatun noma a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Dambatta, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil.

2. Tarihin gari. Gaya tsohon gari ne. Tarihi ya nuna cewa maƙeran nan Abagayawa, da suka zauna a gindin Dala suna neman tama, daga Gaya suka fito. Dattawanmu suna da labarai irin wannan a ka. Yaro ya zauna da su da yamma. Ya rubuta asalin unguwarsu, da tsofaffin rijiyoyi, da sana'ar kakanni. In dattijo ya rasu ba a rubuta ba, labarin ya tafi ke nan.

3. Taimako a ajin manya. Ku da kuka koyi karatu da girma kun san daɗin mai taimako. Ɗan sakandare zai iya zama kusa da malamin aji. Ya riƙe hannun mai koyon baƙi, ya karanta wa tsoho takardar asibiti. Mai koyar da wani, nasa karatun ne ke ƙara zama. Wannan hanya ce mai kyau ga mai son aikin malanta.

4. Gyara da ƙere-ƙere. Injin ban ruwa, famfon burtsatse, fitilar sola, keken ɗinki, duk makaranta ce. A ƙasar Malawi an yi wani yaro, William Kamkwamba. Yunwa ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta. Ya riƙa aron littattafai daga ɗakin karatu. Yana da shekara 14 ya haɗa injin da iska ke juyawa, da tarkacen keke da ƙarafan bola, ya kawo wuta gidansu. Wannan aiki ne ya sa aka san shi. Ya gama jami'a a Amurka a 2014. A nan gida akwai Jelani Aliyu, ɗan Jihar Sakkwato. Tun yana yaro yake zanen motoci. A 1990 ya tafi Amurka karatun zanen mota, daga baya kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki. Da ana kwace masa fensir ana cewa wasa yake yi, da ba a ji sunansa ba.

5. Aikin agaji da lafiya. Yaro ko yarinya su shiga ƙungiyar agaji. Su koyi ɗaure rauni da haɗa ruwan gishiri da sukari. Su taimaka wajen kiran mata ranar awo da rigakafi. Yarinyar da ta saba da wannan ba za ta ji baƙunta ba in ta shiga makarantar unguwarzoma. Ƙauyukanmu kuwa suna matuƙar buƙatar mata ma'aikatan lafiya.

Yadda Za A Adana Shaida

Aikin da ba shaida, labari ne kawai. A rubuta kwanan wata a kan kowane shafi. In akwai waya a gida a ɗauki hoto. A nemi takarda daga shugaban makaranta, ko malamin gona, ko dagaci, da sa hannu da hatimi. A ajiye su cikin leda a akwati saboda gara da ruwa. Kada a sayi takardar ƙarya. Tambaya biyu za ta tona asiri, kuma abin kunya ne ga gida duka.

Jan Kunne Ga Iyaye

Aiki ɗaya ko biyu ya isa. Taura biyu ba ta taunuwa. A bar wa yaro lokacin bitar darasi, musamman in jarrabawa ta gabato. A kuma ba 'ya'ya mata dama kamar maza. Talla daga safe har dare ba ta barin yarinya ta yi ko ɗaya. Ko ba a sami gurbi a bana ba, abin da yaro ya koya yana nan tare da shi. Da shi zai ci abinci, da shi zai sake gwadawa baɗi.

Tambayoyi Don Tattaunawa A Aji

1. Kiredit nawa ake buƙata don neman jami'a?
2. Waɗanne abubuwa ake rubutawa a littafin gona?
3. Wane aiki ɗanka ko 'yarka ta fi so? Rubuta shi cikin jimla biyu, ka karanta wa 'yan ajinku.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.