Darasin Ɗinki: Yadda Za Ki Rage Rigar Polo Ta Maigida Ta Zama Ta Yaro

 

Uwargida, leƙa akwatin maigida ki gani. Da wuya ki rasa rigar nan mai kwala da maɓalli biyu ko uku a ƙirji, wadda ake kira Polo, ta yi masa kaɗan ko ta huje a hammata ya daina sawa. Ga yara kuma kullum girma suke, rigar da kika saya da ƙaramar Sallah kafin babba ta ɗage. To maimakon rigar nan ta ƙare a tsumman goge-goge, yau za mu mayar da ita ta yaro ɗan shekara 4 zuwa 7.

Kada ki ɗauka wannan ƙaranta ce. Allah (SWT) Ya hana mu almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27. Nana A'isha (RA) kuma ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Sai dai fa ki nemi izinin maigida kafin ki sa almakashi. Ta yiwu rigar da kike ganin ya yar, yana da niyyar ba wani, kin ga kin jawo magana a banza.

Abubuwan da za ki tanada: rigar babba, wankakkiya kuma gogaggiya, rigar yaron wadda ta yi masa daidai, ita ce ma'auninki, almakashi mai kaifi, alli, fil, reza, da zare mai launin rigar.

Sirrin aikin shi ne, abin da ya fi wuyar ɗinki a rigar Polo kwala ce da wurin maɓalli, kuma kamfani ya riga ya yi miki su. Don haka ba za ki taɓa su ba, kewaye da su za ki yanka.

1. Ki juya rigar ciki ya koma waje. Ki yanke hannuwan biyu a kan ɗinkinsu, ki ajiye. Sannan ki farke gefe da gefe tun daga hammata har ƙasa. Ɗinkin kafaɗa ki bar shi yadda yake.

2. Ki ɓalla maɓallan, ki shimfiɗa rigar a kan tebur ko tabarma mai laushi. Ki ɗora rigar yaron a kai, wuya a kan wuya, tsakiya a kan tsakiya. Nan ne mata da yawa suke kuskure: in tsakiyar ta goce, maɓallan za su karkace a ƙirjin yaro, kuma ba gyara.

3. Ki zana da alli kewaye da rigar yaron, ki ƙara rabin inci a gefuna da zagayen hammata domin ɗinki, inci 1 kuma a ƙasa domin kalmasa. Kafin ki yanka, duba aljihu ko tambarin da ke ƙirji. In layin allin ya ratsa aljihun, ki warware shi da reza, ki mayar da shi daga baya. Ki yanka ɓangare ɗaya, ki ninka rigar biyu, ki bi shi ki yanka ɗayan, don su zo daidai.

4. Ki ɗauko hannuwan da kika ajiye. Ki ɗora hannun rigar yaron a kai, baki a kan baki, ninki a kan ninki, ki yanke rarar daga sama da ta wajen hammata. Kin ga bakin hannun na kamfani yana nan, ba sai kin sake kalmasa ba.

5. Ki buɗe rigar, ki haɗa tsakiyar hannu da ɗinkin kafaɗa, fuska na kallon fuska, ki kafe da fil, ki ɗinka. Bayan nan ki ja ɗinki ɗaya tun daga bakin hannu, ki bi ta hammata har ƙasan riga. Haka ɗaya gefen. Daga ƙarshe ki kalmashe ƙasan, ki goge.

To in kwalar ta yi wa yaron yawa fa? Shi ya sa ya fi kyau ki fara da rigar da ba ta cika girma ba. In kuwa wuyan ya zarme, ki warware kwalar ta baya kawai, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ki ƙara cin ɗinkin kafaɗun kamar rabin inci kowanne, ki tsuke rarar kwalar a tsakiyar ƙeya ki ɗinke, ki rage, sannan ki mayar da ita. Yi wannan kafin ki zana hammata. In kwalar ta kwanta, ba mai lura da ɗinkin.

Abin lura: yadin Polo saƙa ce irin ta suwaita, yana miƙewa. In kekenki yana zigzag, yi amfani da shi. In kuwa baƙin keken nan ne na ƙafa, irin su Butterfly da Singer, mai miƙaƙƙen ɗinki kawai, ki ɗan ja yadin kaɗan yayin da kike ɗinki, ki bi layin sau biyu, don kada zaren ya tsinke in yaro ya zura kai. In keken yana tsallake ɗinki, ki nemi allurar yadi mai miƙewa wajen masu sayar da kayan teloli, bakinta ba shi da tsini sosai, ba ta huda saƙar. Wadda ba ta da keke ma tana iyawa da hannu, sai dai haƙuri.

Ki ƙara wa maɓallan zare su kamu sosai, domin ƙaramin yaro komai baki yake kaiwa. In rigar gwanjo ce, ki wanke ta da kyau, ta sha rana, ki goge kafin ki fara.

'Yar'uwa, ta farko ba lallai ta yi kyau ba, don haka ki gwada da wadda ta fi tsufa. In hannunki ya faɗa, ki tuna da 'ya'yan abokiyar zama da marayun unguwa. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA) da hannunta take sana'a tana sadaka da abin da ta samu. Kuma in maƙwabta suka gani, sai ki ga sun fara kawo nasu, kin samu na cefane kina cikin ɗakinki.

Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin Musulunci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.