HUKUNCIN TSARE ƘANANAN TSUNTSAYE A KEJI DA CINIKINSU

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata 'yar sana'a ce wadda ba a ɗauke ta bakin komai ba, watau kamun ƙananan tsuntsaye da sayar da su cikin keji. A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, daga Babaldu har Sara da Fagam, da wuya a sami ƙauyen da yara ba su iya haɗa kejin kara ba. Idan gero ya nuna, sai a sa kanari mai kuka a ɗakin tsakiya, a ɗana ƙofar gefe da zangarniya, a rataye a reshe. Ɗan'uwansa na daji ya ji kuka ya sauko, ƙofa ta rufe. Daga hannun yaro sai hannun mai tarawa, daga nan sai kasuwa ko birni. To, mene ne matsayin wannan a Shari'a?

Asalin da malamai suka dogara da shi hadisi ne na Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Anas yana da wani ƙane da suke uwa ɗaya, ɗan Ummu Sulaim da Abu Ɗalha, ana yi masa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Ran nan tsuntsun ya mutu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da yaron cikin ɓacin rai, sai ya yi masa raha yana tambayarsa labarin tsuntsunsa. Kalmar da ta zo a hadisin ita ce nugair, siga ce ta ƙanƙantawa daga nugar, wanda masana lugga suka ce ɗan tsuntsu ne mai jan baki, kamar dai 'yan tsuntsayen nan da ke tsince-tsince a tsakar gida kusa da turmi.

Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙassi, wanda ya rasu a shekara ta 335 bayan Hijira, ya ciro fa'idoji 60 daga wannan ɗan gajeren hadisi, Ibnu Hajar kuma ya kawo su cikin Fathul Bari ya yi ƙari. Daga cikinsu akwai halaccin barin yaro ya riƙe tsuntsu, da halaccin kashe kuɗi a saya masa, da halaccin tsare tsuntsun a keji. Ke nan asalin wannan ciniki halal ne wurin mafi yawan malamai. Amma ba duka suka saki jiki ba. An ruwaito cewa Ibnu Aƙil, babban malamin Hambaliyya wanda ya rasu a shekara ta 513, ya ƙyamaci ɗaure tsuntsu don kawai a ji daɗin kukansa, yana ganin wauta ce mutum ya nemi nishaɗi daga kukan abin da ke begen fita.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne, sun riƙe halaccin sun bar sharaɗinsa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar a aya ta 38 ta Suratul An'am cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar mutane. Tsuntsu a daji yakan fita da safe da yunwa ya komo da ƙoshi, ba ya jiran kowa. Ranar da aka rufe masa ƙofa, cinsa da shansa da inuwarsa duk sun hau wuyan wanda ya rufe. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Mai karatu ya lura da laifin da aka ambata mata: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi na kanta ba. A mazhabar Malikiyya ma, Shehu Halil ya tabbatar cikin Muhtasar cewa ciyar da dabbar da aka mallaka wajibi ne idan babu makiyaya, wanda ya ƙi kuwa a sayar da ita a raba shi da ita.

Ciyar da ɗan tsuntsu kuwa yana da ilminsa. Kanarin dajin nan bai kai nauyin giram 15 ba, zafin jikinsa yakan haura digiri 40, saboda haka abinci ba ya jimawa a cikinsa. Rago yana iya yini biyu ba ci ya tashi, shi kuwa wannan yini ɗaya yana iya gamawa da shi. Akwai wani kuskure da ke kashe su da yawa. Tsuntsun yakan ɓare ƙwaya ya bar ɓawon a cikin ƙoƙon, mai shi ya leƙa ya ga ƙoƙo cike, ya ce akwai abinci, alhali ƙaiƙayi ne zalla. Sai an hure an duba kullum. Gero ko acca kaɗai ba sa wadatar da shi, yana bukatar ɗanyen ganye da 'yar tsakuwar yashi, da ruwa mai tsabta na sha da na wanka. Kejin da ya dace shi ne mai tsawo a kwance, don tsuntsun yana tashi ne daga gefe zuwa gefe. Kada a rataye shi a madafa, hayaƙi yana shaƙe shi tun kafin mutum ya ji komai. Kada a bar shi a ranar bazara, a kuma lulluɓe shi da daren hunturu.

Nauyin mai sayarwa ya fi na kowa, gama a hannunsa ne suka fi mutuwa. A cusa tsuntsaye 30 ko 40 a keji guda, a ɗaure bisa mota ko bayan babur, a yini da su a rana ana jiran mai saye, da yamma a tsince matattu a zubar a ce asarar kasuwa ce. Asarar kuɗi ce a wurinsa, amma rayuka ne da aka tsare suka mutu da ƙishirwa, kuma hadisin kyanwa bai ware ɗan kasuwa ba. Wanda ba zai iya shayar da 40 ba, ya tsaya a 10. Haka nan haramun ne a sayar da tsuntsu marar lafiya a ɓoye aibinsa, ko a miƙa wa yaro mace a ce namiji ne, alhali an san namijin ne mai rera kuka. Wannan algus ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa.

Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Shekara da shekaru ana kwasar irin waɗannan tsuntsaye daga Senegal da Mali da Gini ana kai su kantunan Turai, da yawa suna mutuwa a hanya. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da hanin na dindindin a 2007. Wannan cuta ta ɓulla a Nijeriya cikin 2006, saboda haka cunkusa tsuntsayen daji kusa da kajin kasuwa cutarwa ce ga maƙwabta kuma.

Saura mai kamu, wanda galibi yaro ne, don haka maganar ta iyaye ce da malaman allo. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani, sai ya nemi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da 'ya'yanta. Idan an hana raba 'ya'ya da uwa, to kama uwa a bar 'ya'ya a sheƙa ya fi muni. Yawancin masu cin ƙwaya kuwa da damina zuwa farkon kaka suke ƙyanƙyasa, daidai lokacin da yara suka fi ɗana keji. A hana su kamu a wannan tsakani. A hana su kuma ɗaure ƙafar tsuntsu da zare suna ja, ko kafa shi suna gwada danƙo a kansa, domin Ibnu Umar ya tarar da samari suna irin wannan, ya gaya musu Annabi ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara.

Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, idan sabon kamu ne ya kai shi inda aka kamo shi ya buɗe masa. Idan kuwa a keji aka ƙyanƙyashe shi, kamar kanarin da ake kawowa daga waje, bai san neman abinci ba, bai san shaho ba, sakinsa kisa ne. Wannan sai a ba wanda zai kula da shi, kyauta ko da kuɗi. Allah Shi ne Mafi sani.