Madugu da ɗan makaranta

Kowace shekara, wajen watan Oktoba, ayarin raƙuma yana tashi daga ƙasar Agadas zuwa Fashi da Bilma, domin sayen gishiri da dabino. Tun kafin a shiga Tenere, madugu ya san rijiyar da za a sauka. Ayarin da bai san inda ya nufa ba, ƙishirwa ce za ta halaka shi.

Haka ɗan makaranta yake. Ya kamata ya rubuta burinsa a shafin farko na kayensa: aikin da yake so, dalilinsa, da abin da zai riƙa yi kullum.

Misali: "Zan zama ungozoma, don mata su haihu lafiya. Kullum zan yi bitar darasin kimiyya."

Aiki: Kowa ya rubuta burinsa cikin layi 3.